Ina da otizim, aiki ya gagare ni: me zan riƙa yi a gida?

Baban Sadiku (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a yi haƙuri da tsawon rubutuna, na fi iya bayani a rubuce fiye da a baki.

Ni magidanci ne a Garwa, mata ɗaya, yara uku. Ina da larurar otizim. Ban san sunanta ba sai da muka kai ɗana na biyu wajen likita a Yawunde saboda jinkirin magana. Likitan yana jero tambayoyi a kan yaron, matata tana kallona, don duk abin da ya lissafa halina ne. Daga baya ni ma aka duba ni aka tabbatar.

Da ni ke riƙe da littafin lissafi a wani shagon sari a babbar kasuwa. Lissafin bai taɓa ba ni wahala ba. Abin da ya kayar da ni ƙarar janareta ce, da hon ɗin 'yan moto, da mutum uku su riƙa yi mini magana lokaci guda, da cinikin da ake canza farashi bayan an gama magana. In na dawo gida sai in shige ɗaki in rufe, ko muryar yarana ba na iya ji. Daga ƙarshe jikina ya ƙi gaba ɗaya: da na doshi ƙofar kasuwa sai hannuna ya kama rawa, magana ta ɗauke. Na gwada wasu wuraren, duk haka. Yanzu ina gida. Matata malamar lakwal ce, wato makarantar boko, albashinta da kuɗin hayar wani ɗaki da na gada su ke riƙe da mu, alhamdu lillahi ba ma kwana da yunwa.

Damuwata yinin ne. Daga fitar yara da safe har su dawo babu abin da nake yi sai danna waya, ita kuma ƙara mini nauyin zuciya take yi. Ina son abin da zan riƙa yi a cikin gida da hannuna, marar hayaniya, marar cin kuɗi, wanda in dare ya yi zan ji yinin bai tafi a banza ba. Wanda ya san wani abu ya taimaka.

Alhaji Ɗanjuma (Kusiri):
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya. Ƙanena, ka nemi firiza ka riƙa ƙulla ƙanƙara da zoɓo, yara su kai bakin titi. Maris da Afrilu a Garwa zafi yana haura 40, ƙanƙara ba ta kwantai. Ko ka kafa teburin Orange Money, na tura kuɗi da cirewa ta waya, a ƙofar gida. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Maman Hafsa (Marwa):
Alhaji, teburin Orange Money ai kasuwar ce ta biyo shi har ƙofar gida. Bawan Allah ya ce cinkoson mutane ne ya kwantar da shi.

Idi Mai Moto (Garwa):
Ni gaskiya ban gane ba. Mutumin da ya tsara wannan rubutu tsaf, ina ciwon yake? A yi masa ruƙiyya mana, wataƙila shafar iska ce, ko abokan kasuwa ne suka yi masa wani abu.

Nas Ramatu (Ngaundare):
Idi, otizim ba a ganinsa a fuska, kuma ba ya kama mutum da rana tsaka. Da shi ake haihuwar mutum, yanayin ginin ƙwaƙwalwarsa ne, yana kuma bin jini. Shi ya sa sau da yawa sai an gano na yaro sannan a waiwayi uba ko uwa. A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a jikin yara. A 1944 Hans Asperger a birnin Viyana ya yi rubutu a kan wasu yaran masu magana sosai, masu kaifin basira a fanni guda, amma cuɗanya da mutane tana ba su wahala. Tun 2013 likitocin Amurka suka haɗa su duka a suna ɗaya, don abu ne mai hawa-hawa: wani ba ya magana sam, wani kuma har jami'a ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100.

Addu'a babu wanda ya hana, dukanmu muna yi. Amma babu ƙwaya ko hayaƙin da ke cire shi, kada a sa bawan Allah ya ƙarar da kuɗin cefane a yawon magani. Abin da ya kwatanta na kasuwa kuwa sananne ne: ƙarar da kai kake ji ta wuce, shi tsayawa take yi a kansa, shekara da shekaru yana daurewa har jiki ya ce ya isa.

Baban Sadiku, tambaya ɗaya kafin a ci gaba. Kana barci? Kana cin abinci? Ciwon damuwa yana yawan haɗuwa da otizim, shi kuma wannan ana maganinsa. In ka ga sati biyu ko fiye babu abin da ke yi maka daɗi, ka je asibiti, kada ka jira kiwo ko saƙa su warkar da shi.

Baban Sadiku (Garwa):
Na gode 'yar'uwa. Ina barci, ina ci. Na ga likita a kan wannan, ya ce in koma in abin ya yi nauyi.

Zainabu (Njamena):
Ka koyi haɗa turaren wuta da humra, mu nan da shi muke rufa wa kanmu asiri, kuma a ɗaki ake yi.

Baban Sadiku (Garwa):
Allah ya saka, amma ƙamshi mai ƙarfi yana sa mini ciwon kai. Ko matata sai na fita tsakar gida take turara ɗaki.

Malam Buba (Marwa):
Kun yi ta kawo shawara, ba wanda ya tambayi mai abin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ɗana, bari in tambaye ka: lokacin da kake yaro, mene ne abin da in ka zauna a kansa sai an yi ta kiranka cin tuwo ba ka ji ba? Kuma me jikinka ba ya so, ban da ƙara da ƙamshi? Ka faɗa mana ko da kana ganin shirme ne.

Baban Sadiku (Garwa):
Baba, wannan tambayar ba wanda ya taɓa yi mini ita.

Rubuta abubuwa nake so. Tun ina ƙarami nake da kaye, wato littafin rubutu, da nake rubuta duk ranar da aka yi ruwa, da lokacin da ya fara da lokacin da ya ɗauke. Ina da gwangwani mai miƙaƙƙen baki da nake ajiyewa a tsakar gida, in ruwa ya tsaya in sa rula in auna. In na tara na damina guda, mafi yawan shekaru yana zuwa kusa da milimita 1000, Agusta ne kan gaba. Kayen 2012 yana nan, shekarar da kogin Binuwai ya yi ambaliya. Ina da wani kayen na wasannin Coton Sport, ƙungiyar ƙwallonmu ta Garwa, da waɗanda suka ci ƙwallo da mintin da suka ci, har wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka da Al Ahly ta doke mu a 2008. Filin wasa kam ba na iya shiga. Ko a Janairun 2022 da Najeriya ta ci Masar 1 da nema a filin Rumde Ajiya nan Garwa, a ɗaki na saurara a rediyo da ƙaramar murya, gari yana ta ihu. Ruwan na daina aunawa da na fara aiki, don ana cewa aikin yara ne.

Sai tattabaru. Wani maƙwabcinmu yana da su muna yara, nakan zauna a kan katanga in yi ta kallonsu, na san kowace da mijinta.

Abin da ba na so: taɓa abu mai yauƙi ko laka, da a shigo mini ba sanarwa, da a ce in gama abu kafin ƙarfe kaza.

Usmanu Mai Tattabara (Njamena):
Kai! Yaya, ai ka riga ka ba kanka amsa. Tattabara ita ce kiwon mai son tsari. Bari in yi maka bayani yadda nake yi.

Ka fara da aure biyu, wato mace biyu namiji biyu, kada ka wuce haka. Ɗaki ba sai na kuɗi ba: tsofaffin tukwanen ƙasa ko bidon, wato jarka, da aka yanka, a ɗaure su sama a jikin bango inda rana ba ta dukansu da azahar, kowane aure da gurbinsa, in da hali gurbi biyu, don uwar takan sake yin ƙwai tun 'ya'yan farko ba su tashi ba. Ka sa raga saboda kyanwa da ɓera, su ne manyan ɓarayi, sai shaho in sun fara tashi.

Ƙwai biyu take yi, tsakaninsu kamar kwana biyu. Abin da zai burge ka shi ne rabon aikinsu. Namijin yana hawa ƙwai da hantsi ya kai har la'asar, macen ta karɓa ta kwana a kai, kullum haka, ba sa saɓawa. Kwana 17 zuwa 19 su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna fitowa tsirara, ido a rufe, sai ɗan gashi rawaya, uwa da uba duka suna ba su wani farin abu mai kauri daga maƙoshinsu, ɗan ya cusa bakinsa cikin na uban yana zuƙa. Cikin sati guda sai ka ga sun ninka. Wajen wata ɗaya sun yi gashi sun fara fita. Duk wannan abin rubutawa ne: ranar ƙwai, ranar ƙyanƙyasa, launin kowane ɗa, wa ya haifi wa. Mu da yawa muna kiwon ne da ka, shi ya sa muke haɗa wa da ƙanwa ba mu sani ba, iri ya lalace. Mai kaye irinka zai fi mu.

Abinci dawa da gero da fasasshiyar masara, ɗan wake in ya samu, sau biyu a rana a lokaci guda. Ruwa mai tsabta kullum. Ka ajiye musu ƙananan tsakuwa da ɗan gawayi da dakakken ɓawon ƙwai a wani kwano. Kukansu a ƙasa-ƙasa yake, ba irin na zabi ko zakara ba. Abu ɗaya da zan gaya maka tun yanzu: in sun firgita sukan tashi gaba ɗaya da tafin fiffike, fat-fat-fat, mai ƙarfi. In irin wannan na razana ka, ka je gidan mai tattabara ka zauna ka ji kafin ka saya.

Nas Ramatu (Ngaundare):
Ƙari a kan na Usmanu: ƙurar gashinsu da busasshen kashinsu suna iya taɓa huhu in mutum ya daɗe yana shaƙa. Kada ɗakinsu ya kasance jikin tagar ɗakin kwana. Ka yayyafa ruwa kafin shara, ka rufe hanci, yara su wanke hannu. In akwai mai asma a gidan a yi shawara tukuna.

Goggo Dije (Gidar):
Kashin tattabarar ma kada ka zubar, ɗana. Taki ne mai ƙarfi, sai dai a bar shi ya daɗe ya huce, ɗanye yana ƙona shuka. Ka samu buhunan shinkafa da aka gama da su, ka huda ƙasansu, ka cika da ƙasa da taki. Alayyahu sati uku zuwa huɗu ka fara yanka. Yakuwa ba ta da fushi. Kuɓewa wata biyu ta fara 'ya'ya, amma tunda ba ka son yauƙi bar wa Maman Sadiku tsinka. Zogale ka shuka biyu a kusurwa, in ya kai ƙirjinka ka datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai tafi sama ya bar ka. Ruwan alwalar gida kaɗai in ana tarawa a bokiti ya isa buhu huɗu ko biyar. In ƙwari sun zo, daka 'ya'yan dalbejiya ka jiƙa su kwana, ka tace ka fesa da yamma. Ka sa safar hannu in laka na damunka.

Alhaji Ɗanjuma (Kusiri):
To madalla. Tattabara ma kuɗi ce. In sun kai aure talatin, masu gashi da masu farfesu za su riƙa zuwa har gida. Zogale kuma a shanya a daka a ƙulla. Ka ga an dawo maganata.

Hauwa'u (Njamena):
Alhaji, da girmanka, a nan ne nake so in sa baki, don ni ma ina da otizim, ina da yara biyu, kuma ba na aiki.

Saƙar kwarashi nake yi. Kakata ce ta koya mini. Abin da nake so a cikinta ƙirga ne: uku a rami ɗaya, tsallake biyu, uku a rami ɗaya, har layi ya ƙare ka juyo. In hayaniyar gida ta cika mini kai, ina ɗaukar zaren nan hannuna ya fara tafiya sai numfashina ya daidaita. Na saƙa wa yarana huluna da rigunan sanyi na hunturu, na yi marufin kwanuka. Da dangi suka gani sai kowa ya ce wannan ai kuɗi ne kike zaune a kai. Na yarda, aka sa hotuna a WhatsApp. Daga nan waya ta fara ƙara. Wannan tana son na suna ranar Asabar, waccan ta ce a canza launi bayan na kai rabi, wata ta zo gida ba sallama ta zauna tana ciniki tana taɓa mini zare. Kuɗin sun shigo, ban musa ba. Amma na wayi gari ina ganin kwarashin gabana yana faɗuwa. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ya koma abin da ke tayar mini da shi, kuma ba ni da wani wurin gudu. Na daɗe ban taɓa zare ba, a lokacin kuma yarana ne suka sha wahala, don uwar da ba ta da inda za ta sauke gajiyarta faɗa take yi.

Yanzu na koma saƙa, amma da sharaɗi. Ba na karɓar oda. Abin da raina ya so nake saƙawa, in ya taru ƙanwata ta ɗauka, ta sayar ko ta bayar, ba na tambaya. Baban Sadiku bai ce mana yana neman jari ba. Ya ce suna ci suna sha, yinin ne ya yi masa faɗi. Mutumin da ciniki ya kwantar, in aka mayar masa da tattabararsa ciniki, an ƙwace masa ita ke nan.

Yaya, shawara biyu daga wadda ta san abin. Na farko, irinmu in mun nutse a abu ba ma jin lokaci. Na taɓa ɗagowa na ga wuta ta mutu a murhu yara sun dawo ba abinci. Yanzu na ɗaure komai da salla: saƙa daga hantsi zuwa azahar, da an kira salla na ajiye ko a tsakiyar layi nake, kuma akwai ƙararrawar waya mai sanyin murya kafin lokacin tashin yara. Na biyu, kada ka fara abu uku rana ɗaya. Ɗauki ɗaya ya zauna a jikinka tukuna. Kuma ka yarda akwai ranakun da ba za ka iya komai ba. Shi ya sa nake ɗan jin tsoron abu mai rai: zare yana jira, tattabara ba ta jiran ruwa. Ka tabbata akwai wanda zai ba su in ka kwanta.

Maman Hafsa (Marwa):
Hauwa'u, Allah ya biya ki. Na karanta sau biyu.

Alhaji Ɗanjuma (Kusiri):
'Yata, na ji, kuma ban raina ciwon kowa ba. Amma ku fahimce ni. Ni abin da nake dubawa gobe ne. Albashin malamar lakwal nawa ne? In ta kwanta ciwo fa? Ga surukai, ga 'yan unguwa, kun san bakin mutanenmu a kan namijin da matarsa ke fita shi yana gida. Yaran nan kuma suna girma, suna kallon ubansu. Ba na son a ce masa mijin Hajiya. In zai iya samun ko jaka biyar a wata daga abin da yake so, mutuncinsa ne.

Maman Hafsa (Marwa):
A nan Alhaji yana da gaskiya ta wani gefe, amma ni ba bakin mutane ne damuwata ba, matar ce. Ta fita tun safe ta tsaya gaban yara sittin ko fiye, ta dawo ta hura wuta ta yi wanki. Baban Sadiku, kada ka ji haushi: in za ka sami sa'a uku na tattabara, ka sami ɗaya ta ɗauke mata wani abu. In ba haka ba, tattabarar za ta zama kishiya.

Idi Mai Moto (Garwa):
Wato ya yi wanke-wanke ke nan? Haba Hajiya.

Malam Buba (Marwa):
Idi, an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida. Ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Yana cikin Buhari. Wanda ya fi mu duka bai ga ƙasƙanci a ciki ba.

Alhaji kuma, ciyarwa wajibi ce a kan mai iko, Allah bai ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Yaron nan yana da hayar ɗaki da ke shigowa, bai zauna a kan matarsa kacokan ba. In wata rana kiwon ya yi yawa har ya rage wasu ya sami na sabulu, alhamdu lillahi, amma kada a sa masa wannan a gaba tun bai sayi tukunya ba.

Ɗana, tunda hannunka na son alƙalami, ga wani abu na ranakun da zafi ya hana fita tsakar gida. Zayyana. Irin adon da ake yi wa allon sauka, da gidaje-gidaje da layuka masu maimaita kansu, ja da baƙi da rawaya. Alƙalamin kara ne, tawada kuma gawayi da ƙaro. Awo ne da haƙuri, ba ya son mai gaggawa. Ko ɗinkin hula, kube ko zanna, shi ma ƙirga ne, kuma tun kakanni aikin maza ne, hula ɗaya takan ci makonni. Ka ajiye su a ranka, ba yanzu ba.

Baban Sadiku (Garwa):
Hajiya, ban ji haushi ba, gaskiya kika faɗa. Ni ke yin guga da share tsakar gida, ni ke duba wa yara aikin lakwal, musamman lissafi. Girki ne ban iya ba saboda hayaƙi da ƙamshin mai. Na ba matata ta karanta duk abin da kuka rubuta, ta ce za ta yi magana.

Maman Sadiku (ta wayar maigida):
Salamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Na gode da kuka tuna da ni. Gajiya kam akwai. Amma ku sani, lokacin da yake zuwa kasuwa kuɗi na shigowa, mu kuma ba mu da shi, yana dawowa sai ɗaki. Yanzu yaran sun san ubansu. Abin da ke damuna shi ne in dawo in same shi zaune shiru waya a hannu, ido ya faɗa. In tattabara za ta sa in dawo in tarar yana da labarin da zai ba ni, ni zan sayi dawar. Kuma Sadiku ya isa ba su ruwa ranar da babansa bai tashi da daɗi ba. Maganar mutane kuwa, Alhaji, sun riga sun yi, ba mu mutu ba.

Alhaji Ɗanjuma (Kusiri):
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Tunda ke kin yarda, ni wane ne. Amma ina nan a kan bakana, ku riƙa ajiye wani abu saboda gobe.

Sani Ɗalibi (Ngaundare):
Ni likitancin dabbobi nake karanta. Akwai wata farfesa a Amurka, Temple Grandin, an haife ta a 1947, tana da otizim, a Jami'ar Jihar Kolorado take koyarwa. Ta lura shanu suna tsorata da ƙananan abubuwan da mu ba ma gani, kamar inuwa a ƙasa, sarƙa mai lilo, ko ƙyallin ruwa. Ta zana hanyoyin shanu masu lanƙwasa da ake amfani da su a mayanka da dama a can. Idon da ke wahalar da mutum a kasuwa, a wajen dabba baiwa ne. Baban Sadiku, wa ya sani ko kai ma haka.

Hauwa'u (Njamena):
Sani, labarin yana da daɗi, kuma gaskiya ne muna lura da abin da wasu ba sa gani. Amma duk lokacin da aka ambaci otizim sai a kawo mana wanda ya shahara, kamar sai mun zama wani abu za a bar mu mu huta. Yawancinmu ba za mu zama farfesa ba. A bar Yaya ya yi kiwon tattabara huɗu don yana so.

Sani Ɗalibi (Ngaundare):
Haka ne, Yaya Hauwa'u. To ga abin da zai yi amfani: hunturu ne lokacin da cutar tsuntsaye ke yawo, wadda ke murɗe musu wuya. Duk sabuwar tattabarar da ka sayo, ware ta sati biyu kafin ka haɗa da naka. Kuma kuna da LANAVET a Bokle nan kusa da ku, inda ake yin rigakafin dabbobi da na kaji. Ka tambayi likitan dabbobi na unguwa wanda ya dace da tattabara, kada ka saya a hannun masu talla.

Musa Sakatare (Garwa):
Wani abu da ba a taɓo ba. Akwai dokar 13 ga Afrilun 2010 ta kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a Kamaru, ba ta tsaya ga naƙasar jiki kaɗai ba. Ofishin ma'aikatar jin daɗin jama'a ne ke karɓar takardun neman katin masu buƙata ta musamman, da shaidar likita. Ku je ku tambaya, musamman saboda karatun yaron. Maman Sadiku ko wani ɗan'uwa zai iya raka ka don layin.

Baban Sadiku (Garwa):
Na gode Malam Musa, na rubuta. Ga abin da na yanke, a gyara mini in da kuskure. Gwangwanin ruwa zan mayar da shi tsakar gida tun kafin ruwan farko, wannan ba ya cin komai, kuma ɗana na biyu yana son lambobi, zan koya masa karanta rula. Tattabara aure biyu, bayan na je na saurari tashinsu kamar yadda Usmanu ya ce. Buhunan Goggo sai taki ya taru. Zayyanar Baba tana raina. Sayarwa babu ita a lissafi yanzu.

Tambayata: a ina zan je in saurara? Kasuwar tsuntsaye ba zan iya shiga ba.

Idi Mai Moto (Garwa):
Yayana yana kiwonsu a Yelwa, gidan shiru ne, daga shi sai matarsa. Zan yi masa magana. In ka shirya ka gaya mini rana da lokaci, in zo in ɗauke ka bayan asuba kafin titi ya cika, ba zan danna hon ba. Zai iya ba ka aure biyu a farashin gida.

Baban Sadiku (Garwa):
Na gode Idi. Asabar, ƙarfe 6. Don Allah in za a canza a gaya mini tun daren Juma'a. Usmanu, in na kawo su, yaushe zan sake su su tashi?

Usmanu Mai Tattabara (Njamena):
Kada ka yi gaggawa, Yelwa ba nisa, kana buɗewa za su koma gidan yayan Idi. Ka roƙe shi ya ba ka matasa waɗanda ba su daɗe da fara tashi ba, sun fi saurin sabo. Ka tsare su cikin raga inda suke hango tsakar gida har sai sun yi ƙwai, in da hali har su ƙyanƙyashe. Ranar farko ka buɗe da yamma kafin ka ba su abinci, kada ka kore su, bar su su fito da kansu, sannan ka zuba dawa a ciki ka yi musu irin kiran da ka saba yi kullum. Ka turo mini hoton bangon da za ka rataya tukwanen kafin ka huda, in ga ta ina rana ke faɗowa.